Dan Allah meye bambancin deformity da disability? Fom ne ya tsaya min

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu Turanci ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai tun jiya. Ina cike fom ne na neman aikin ɗamara, na zo wani waje an rubuta "Do you have any physical deformity?" sai ka zaɓi yes ko no, can ƙasa kuma ga wani layi daban yana tambaya akan disability. Toh ni dai a sanina duk nakasa ce, yaron da yake cika min a kafe ma haka yace, wai duk abu ɗaya ne Turawa ne kawai da son yawan magana, in bari ya danna no a duka biyun mu wuce wajen akwai mutane a bayana. Ni kuma hankalina bai kwanta ba nace ya dakata, na biya shi kuɗin lokacinsa na taho gida.

Abin da yasa na tsaya, ina ɗan shekara bakwai ko takwas na faɗo daga kan mangwaro a garin kakanninmu, hannun hagu ya karye daidai saman gwiwar hannu, aka kaini wajen mai ɗori ya ja ya ɗaure da kara da tsumma. Ya warke lafiya lau amma ya ɗan karkace, in na miƙe hannuwan duka biyu na buɗe tafi zaka ga na dama ya tafi yadda ya kamata, na hagun kuma daga gwiwa ya lanƙwaso ciki ta wajen jikina. In na sa riga mai dogon hannu babu mai ganewa. Kuma wlh ba abin da bana yi da shi, ina ɗaukar buhun masara, ina tuƙa adaidaita, ban taɓa kallon kaina a matsayin nakasasshe ba.

Shine nake tambaya wannan nawa wanne ne a ciki, ko babu ko ɗaya? Sannan ita kalmar zagi ce? Don muna sakandare wani ya taɓa ce min "your hand is deformed" a gaban 'yan aji aka yi ta dariya, a lokacin ban san ma'anarta ba amma naji zafinta har yau.

Tsohon Tica:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka kyauta da baka bi ta yaron kafe ba, ba abu ɗaya bane ko kusa.

Ka duba tsakiyar kalmar deformity zaka ga form. Asalinta daga Latin ne, forma, wato siffa ko fasali, ita ce a cikin uniform, siffa iri ɗaya, ita ce a cikin reform da transform, kai har fom ɗin da kake cikewa ma ita ce muka Hausantar. Shi kuma de ɗin da ke gaba yana nuna kaucewa. Kenan deformity maganar siffa ce kawai, wata gaɓa ta jiki ta kauce daga fasalin da aka saba gani, ta karkace ko ta lanƙwashe ko ta murɗe ko an samu ƙari ko ragi. Ido ne ke ganinta. Ita kuwa disability a cikinta akwai ability, iyawa, tambayarta ita ce akwai abin da lalurar ke hana ka yi ko take wahalar maka da yinsa? Ɗaya tana tambayar yaya abin yake a ido, ɗayar tana tambayar yaya yake aiki.

Misali mafi sauƙi, kurma. Ka kalle shi daga sama har ƙasa ba abin da ya karkace, kunnensa irin na kowa, amma baya ji, wannan disability ce babu deformity. Ka juya ka ɗauki mai cindo, yatsa shida a hannu, yana rubutu yana ɗinki yana komai, siffar ce kawai ta bambanta, ba wanda zai ce yana da disability. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu kuma ya haɗa duka biyun. Mu a Hausa muka tattara su a kwando ɗaya muka ce nakasa shi yasa kake ruɗewa, amma in ka lura muna da kalmomin siffar daban, doro, ƙusumbi, gwame, cindo, duk waɗannan siffa suke faɗa ba gazawa ba.

Naka dai yadda ka kwatanta deformity ne, ba disability ba.

Maganar zagi kuma, ya danganta da inda ka ɗora kalmar. Likita in ya rubuta "deformity of the left elbow" ba zagi bane, gaɓar ya siffanta. Amma ka kalli mutum kace "he is deformed" wannan cin fuska ne, Bature mai ladabi ba zai faɗa ba. Kamar a Hausa ne, "hannunsa ya ɗan karkace" daban, ka kira mutum "karkatacce" daban. Wanda ya faɗa maka a aji ko da akan hannu ya ɗora ta, wajen da ya faɗa da dariyar da ya nema su suka maida ita zagi. Wani abin dariya, deformed ɗin ba ta mutum kaɗai bace, bokitin roba da ya lotse a rana deformed ne, rodin gini mai zane-zanen nan a jiki ma injiniyoyi deformed bar suke ce masa alhali lafiyarsa ƙalau, da gangan aka yi shi haka don ya kama kankare.

Sarkin Zolaya:

Hhh malam har da Latin akan fom ɗin kafe. Kai ɗan uwa danna no kawai ka sa riga mai dogon hannu, ƙasar nan wa yake karanta fom

Anti Nas:

Sarkin Zolaya kar ka kai yaron mutane ka baro. Ƙanena kar ka soma, ranar tantance lafiya riga ake cirewa, a ce ka miƙe hannu ka buɗe tafi, ka haɗe ƙafa, ka tsuguna ka tashi, abin da zasu fara gani kenan, kuma wanda aka kama ya ɓoye ya fi wanda ya faɗa shiga matsala. Su masu ɗamara da ma sun saba lissafo abin da suke nufi, in ka karanta tallan ɗaukar 'yan sanda zaka ga bayan tsawo, mita 1.67 ga maza 1.64 ga mata, sukan jero gwame, ƙafa mai baka, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, harara-garke, in'ina da sauransu. Ka koma ka karanta na wajen da kake nema da kyau.

Abin da ka kwatanta muna ganinsa sosai, sunansa a wajenmu cubitus varus, wasu likitocin suna ce masa gunstock deformity saboda hannun yana kama da lanƙwasar gindin bindiga. Yana faruwa ne in yaro ya karye a ƙasan ƙashin dantse daidai saman gwiwa, karayar da yara suka fi yi a wajen in sun faɗo sun dafa ƙasa da hannu, sai ƙashin ya haɗe a karkace. Yawanci hannun yana aikinsa, siffar ce matsalar. Kuma ka gode Allah, don ni na ga yaran da aka ɗaure wa irin wannan karayar tamau jini ya daina zuwa, aka kawo su bayan kwana huɗu biyar yatsu sun yi baƙi suna wari, babu yadda za a yi sai yankewa. Ba ina zagin masu ɗori bane, kakana ma yana yi, amma karayar gwiwar hannun yaro ba wajen gwaji bane.

Tunda an buɗe maganar bari in ƙara da kalmomin da kuke gani a katin asibiti kuna tsorata. Naka acquired ne, wato daga baya ya same ka. Kishiyarsa congenital, wanda aka haifi mutum da shi. Kuma dan Allah ku riƙe wannan, congenital ba ya nufin gado. Ya sha faruwa in fassara wa miji in ce da shi aka haife shi, sai kawai ya juya ya kalli matar yace a danginku ne, mu babu wannan a gidanmu. An haife shi da shi kawai yana nufin tun a ciki abin ya faru, dalilin zai iya zama gado, zai iya zama wata cuta da ta kama uwar tana da ciki kamar rubella, ko ƙarancin wani sinadari, ko magani, da yawa ma har a gama bincike ba a gano dalili ba. Akan magani akwai wani da ake kira thalidomide da aka riƙa ba masu ciki saboda laulayi a ƙarshen shekarun 1950, daga Jamus ya fito, kafin a janye shi a 1961 an haifi yara sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu ko babu su gaba ɗaya. Shi yasa muke ta faɗa a wajen awo kar mai ciki ta sha ƙwaya don maƙwabciya tace ta mata aiki. Folic acid ɗin nan ƙarama da muke bayarwa kuma ana wasa da ita, ita ke rage haihuwar yaro da buɗaɗɗen gadon baya, kuma wajen yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki lokacin mace bata ma san tana da shi ba, don haka wadda ke neman haihuwa tun kafin cikin ya kamata ta fara.

Sai malformation. Mutane suna haɗa ta da deformity amma likitocin yara suna bambantawa, malformation tun wajen ginuwar gaɓar ne abin bai ginu daidai ba, kamar tsagewar leɓe ko huji a zuciya, in kuwa gaɓar ta ginu daidai sai matsi ya lanƙwasa ta, misali ruwan mahaifa yayi kaɗan ɗa ya takure, wannan deformation suke cewa. Anomaly da abnormality kuma sun fi faɗi, duk abin da ya saɓa wa yadda aka saba ne ko ido baya gani, sakamakon gwajin jini ma ana cewa abnormal. Yanzu a takarda congenital anomaly aka fi rubutawa don ta fi taushi a kunne akan birth defect. Akwai kuma disfigurement, wannan ɓacin kamanni ne musamman a fuska, kamar tabon ƙuna ko abin da cutar noma mai cin naman baki da fuska ke bari, irin yaran da ake wa aiki a asibitin noma na Sakkwato.

Abin da yake ban takaici da fassara duk waɗannan da "nakasa" shine mutane suna jin kalmar sai su sallama. Jaririn da aka haifa ƙafarsa ta murɗe ciki tafin yana kallon ɗaya ƙafar, clubfoot, kusan 1 cikin 1,000 ake haifa haka, ana gyara shi ba tare da babbar tiyata ba. Hanyar wani likita ce Ponseti ɗan asalin Sifen da yayi aiki a Iowa ta Amurka, duk sati a ɗan juya ƙafar a hankali a sa filasta, kamar sau biyar ko shida, yawanci a ɗan yanka agara kaɗan, sai takalmi mai sanda a tsakani da yaro zai sa kusan dare da rana wata uku, daga nan da dare kawai har shekara huɗu zuwa biyar. Yaro ya tashi yana ƙwallo. Amma in aka ce ai nakasa ce haka Allah ya yi shi aka zauna, sai ya girma yana taka gefen ƙafa, kaga deformity ɗin da za a iya gyarawa ta koma disability da hannunmu.

Kai dai tunda a Kano kake ga asibitin ƙashi na Dala nan kusa da ku, kaje likitan ƙashi ya duba ya rubuta maka cewa hannun yana miƙewa yana naɗewa yana da ƙarfi, ka riƙe takardar. Ban ce lallai zata sa a ɗauke ka ba, wannan hukuncin nasu ne.

Mai Keken Hannu:

Salam. Na karanta duka, malam da anti Allah ya saka. Ni shan inna ce ta same ni ina shekara uku, ƙafafuna duka biyu sun shanye, don haka duk layin biyu yes nake dannawa hhh, bari in ce wani abu.

Ɗan Kurna naji kace baka taɓa kallon kanka nakasasshe ba, na gane nufinka ban kuma ji haushi ba, amma ka lura yadda kake gudun kalmar kamar wuta. Ni ma bana sonta. Nakasasshe kamar an ce kaya ne ya lalace, musaki ma ta fi muni, da an faɗe ta abin da ke zuwa kan mutane shine kwano da bakin titi. Gidajen rediyo yanzu suna cewa masu buƙata ta musamman, wasu suce masu lalura, toh ba laifi an yi ƙoƙari, duk da ni wani lokacin dariya take bani, buƙatata ta musamman ita ce in shiga banki in fito kamar kowa, meye na musamman a ciki? Abokaina da muka tashi tare gurgu suke ce min kuma bana jin komai, muna da sarkin guragu ma ai ba a ɓoye ba, amma baƙo ya tsaya a titi yace kai gurgu matsa, wannan daban ne. Muryar da aka faɗa da ita ce.

A Turanci ma sun sha canzawa. Crippled an daina, zagi ce yanzu. Handicapped ma ta tsufa, ance daga cap in hand ta samo asali wato mai bara da hula a hannu shi yasa aka ƙi ta. Physically challenged da 'yan Najeriya ke so a wajen taro mu kanmu bamu cika amfani da ita ba. Wadda ke cikin doka ita ce persons with disabilities, a fara ambaton mutum kafin lalurar, haka take a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, haka take a dokarmu ta 2018 da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta hana nuna mana bambanci, tace ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, har hukuma aka kafa mana a 2020. Shekara biyar ɗin ta wuce. Watan jiya naje wani ofis karɓar takarda, matakala tara na ƙirga, na ajiye kekena a ƙasa na sa silifas a hannu na ja jiki na hau, ina isa sama mai gadi ya miƙo min naira hamsin. Takarda fa nazo karɓa, da digirina.

Shi yasa nake ce wa mutane ƙafafuna su ne deformity ɗin, wannan na yarda, amma rabin disability ɗin matakalar nan ce. Ranar da nake shagona ina gyaran waya ba abin da na kasa.

Kai kuma layin disability ɗin nan kar ka danna yes don kaji ance akwai kaso, ba naka bane, ka bar mana abinmu.

Badamagare:

Gaisuwa daga Damagaram. Abin ya ban mamaki da kuka ce handicapped ta zama abin ƙi, mu nan da Faransanci ita ce kalmar yau da kullum, personne handicapée, a takardun gwamnati da rediyo duka, masu son gyara magana su ce en situation de handicap. Tun muna lakwal haka muka koya. Ashe in na zo Kano na faɗe ta da Turanci sai a ga na yi rashin ladabi. Malformation kuma iri ɗaya muke rubuta ta da ku, lokotoro na faɗinta kullum, ita ko deformity tamu difformité ce amma tana da nauyi ba a cika faɗa wa mutum ita ba.

Tsohon Tica:

Mai Keken Hannu Allah ya ƙara ɗaukaka, maganarka ta matakala ta fi duk abin da na rubuta. Gyara ɗaya kawai, labarin cap in hand ɗin nan ya yaɗu amma ba haka bane. Daga hand in cap take, wani wasan musayar kaya ne na Ingila tun ƙarni na 17 da ake sa hannu cikin hula, daga nan ta shiga sukuwar dawaki inda ake ƙara wa dokin da ya fi ƙarfi nauyi don a daidaita tsere, har yau 'yan golf suna amfani da ita. Daga baya aka ɗora ta akan mutane. Amma dai ta tsufa ɗin kamar yadda kace, a Ingila da Amurka gara ka kauce mata. Na Damagaram kai kuma ka cigaba da abinka a Faransanci, kowane harshe da inda kalma ta tsaya masa.

Mai Keken Hannu:

Toh malam na karɓi gyara, shekara nawa ina faɗin wannan a taro ba wanda ya tsayar dani hhh

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai jama'a, malam, anti, yayana Mai Keke kayi haƙuri in maganata ta sosa maka rai wlh ba nufina kenan ba. Na koma kafe ɗazu, na danna yes a deformity no a disability, sai wani ɗan akwati ya buɗe a ƙasa wai specify, na duba wayata na kwafi abin da anti ta rubuta harafi bayan harafi na ƙara da left elbow, yaron yana ta kallona wai shi bai taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa ba, kuma sai da ya sake cajina kuɗin cikewa. Litinin in Allah ya kaimu zan shiga Dala da sassafe. Na faɗa wa Hajiyarmu duk yadda aka yi tace in miƙo hannun ta gani, ta jujjuya shi ta kalla tace ita bata ga wata karkata ba, mai ɗorin nan Allah ya jiƙansa ya iya aikinsa, 'yan boko ne kawai da neman magana.

Anti katin zuwan farko sai da takardar turawa daga wani asibitin ko zan iya zuwa kai tsaye?